Rikicin Manyan Ƙasashe Ya Sauya Hanyar Fatake A Kamba

Garin Kamba, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Dandi a Jihar Kebbi, yana bakin iyakar Nijeriya da Nijar, kuma ba shi da nisa da Jamhuriyar Benin. Abincin mutanensa da yawa ya dogara ne da zirga-zirgar kaya zuwa Gaya.

Bayan sojoji sun hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum ran 26 ga Yuli, 2023, Ƙungiyar ECOWAS ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki. Sababbin mahukuntan suka sallami sojojin Faransa, suka karkata ga Rasha. Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris 2024, amma Nijar ta ci gaba da toshe gadar Malanbil zuwa Gaya, bisa zargin cewa Benin tana ba sojojin Faransa masauki. Benin ta musanta wannan zargi.

Da haka kayan da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Kwatano suka rasa hanyarsu ta gado. Waɗansu fatake suka koma tashar Lome, suna bi ta Burkina Faso, hanya mai nisa da haɗari. Waɗansu suka riƙa tsallakar da kaya da kwalekwale a Kogin Kwara. Waɗansu kuwa suka zagayo ta Segbana da Tsamiya a ƙasar Bagudo, su ɓullo Kamba.

Kowace kwana da mota ta ƙara a hanya kuɗi ne, kuma mai saye a kasuwa shi ke biya. Shi ya sa falken da ya san ciwon kansa ya daina dogara da hanya guda.