Zaman Dole a Zango

Ran 30 ga Maris 2020 gwamnatin Ghana ta kulle Accra da Kumasi saboda cutar korona, mako uku cur. Mu malaman firamare kuwa ba mu koma aji ba sai Janairun 2021.

Mutumin zango bai saba da kaɗaici ba. Ba masallaci, ba hirar mai shayi, ƙafa sai ƙaiƙayi. Abin da ya fi ciwo shi ne zargi. Maƙwabci ya yi tari, mu janye tabarma. Wani dattijo ya miƙo mana hannu, muka noƙe.

Daga baya muka tsara yini kamar jadawalin aji: asuba karatu, hantsi lissafi da yaran gida, la'asar kiran dangi a waya. Barci ya dawo. Dattijon nan kuwa, sai da muka kai masa goro bayan Babbar Sallah sannan ya saki fuska.