Sikirin Ɗinka Bai Lalace Ba: Abin Da Masu Buga Gem A Rogo Ya Kamata Su Sani Kan Matacin Shuɗin Haske

A Rogo Sabon Gari, kamar sauran garuruwan yankin Rogo da Ƙaraye, gem ɗin matasa na dare ne. Da rana ana makaranta, ana gona, ana kasuwa. Sai bayan isha'i ake tada janareto ko a jona batirin sola, a buɗe laftof a hau eFootball ko FIFA. A daidai lokacin ne matsalar ke ɓullowa: fuskar kwamfuta ta rikiɗe ta koma ruwan ɗorawa, ko kuma da an shiga gem ta koma fari fat tana sukar ido. Wani sai ya ɗauka sikirin ne ya mutu, har ya fara lissafin kuɗin mota zuwa Beirut Road a Kano. Ɗan'uwa, dakata tukuna.

Yawanci abin da ke jawo haka shi ne matacin shuɗin haske, wanda Windows ke kira Night light. Kamfanin Microsoft ya saka shi a Windows 10 tun 2017, kuma aikinsa rage shuɗin hasken sikirin da dare. Kana iya samunsa a Settings, sai System, sai Display. A nan za ka kunna ko ka kashe, ka kuma rage ƙarfinsa idan launin ya yi yawa har ciyawar fili ta zama kamar busasshiya.

Idan yana kunna kansa da rana tsaka, duba agogo. Yawancin laftof ɗin da ke hannunmu na hannu ne da aka shigo da su daga Turai ko Amurka, wasu kuma har yanzu da lokacin can suke aiki. A Landan rana kan wuce ƙarfe 9 na dare ba ta faɗi ba a watan Yuni, a Disamba kuwa kafin ƙarfe 4 ta faɗi. Mu a nan tsakanin 6 da 7 take faɗuwa duk shekara. Mayar da agogon lokacin Najeriya, sannan ka sa wa matacin sa'o'i da hannunka, misali daga 7 na yamma zuwa 6 na safe. In kuma agogon yana komawa baya duk lokacin da aka kashe kwamfutar, to ɗan ƙaramin batirin cikinta ne ya ƙare, ba sikirin ba.

Idan kuwa matacin na ɓacewa da zarar ka buɗe gem, dalilin shi ne wasu wasannin kan ƙwace sikirin gaba ɗaya su sa nasu launin. Shiga saitin hoto na gem ɗin, ka canza daga Fullscreen zuwa Borderless. In maɓallin Night light ya ƙi taɓuwa sam, to ka zargi manhajar da ke tafiyar da hoto. Hakan na yawan faruwa bayan an yi wa kwamfuta sabon Windows ba a saka mata manhajar Intel, AMD ko Nvidia da ta dace ba. Wani abin kuma: kada ka haɗa shi da f.lux, manhajar da ke irin wannan aiki tun 2009. Su biyun kokawa za su yi ta yi a kan launi. Zaɓi ɗaya.

Sai dai fa, gaskiya ɗaya ce: matacin nan ba magani ba ne. A 2021 masu bincike a Jami'ar Brigham Young ta Amurka sun gwada irinsa na iPhone a kan matasa 167, ba su ga ya gyara musu barci ba. A 2023 kuma cibiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 17 kan tabarau masu tace shuɗin haske, ba ta samu hujjar suna rage gajiyar ido ba. Don haka kafin ka ba mai talla kuɗinka, yi tunani.

Abin da ke sa ido raɗaɗi shi ne ƙura wa sikirin ido ba ƙiftawa, ga ɗaki duhu, ga ƙurar hunturu. Likitocin ido na ba da shawarar duk minti 20 ka ɗauke kai ka kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Hutun rabin lokaci ya ishe ka yin haka. Rage hasken sikirin, ka bar ƙwan sola a kunne, kada a yi wasa cikin duhu. In ciwon kai ko gani dishi-dishi ya ƙi tafiya, je asibiti a duba ka.

Saiti dai minti biyar ya isa a gyara shi. Amma wanda ya kai ƙarfe 2 na dare yana "bari mu yi na ƙarshe", alhali gobe da jarrabawa, babu launin sikirin da zai hana shi gyangyaɗi a aji.