Ƙafar da ta mutu bayan feshi, da layin da likita bai rubuta ba

Duk mai feshi a hawasha, wato gonar kaɗa ko ta tumatir, a Jazira ta Sudan ya san yadda magani ke bugun mutum. Da hantsi ya goya famfon feshi, bututu na ɗiga a gadon bayansa har riga ta jiƙe sharkaf. Kafin azahar kai ya ɗau ciwo, yawu na dalala, gumi na karyo masa, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura. 'Yan'uwa su garzaya da shi asibiti, a yi masa allurar atirofin, kwana biyu ko uku ya miƙe. Kowa ya ce Allah ya kiyaye gaba, a koma gona.

Bayan mako biyu ko uku sai wata sabuwa ta ɓullo. Sharaɓa ta riƙa ɗaurewa, tafin ƙafa kamar ana tsira masa ƙaya, silifa ta zame a hanya bai ji ba. In yana tafiya sai ya riƙa ɗaga gwiwa sama, don yatsun ƙafar jan ƙasa suke yi. A kambo, unguwar ma'aikatan gona, wani ya ce sanyi ne, wata ta ce ya tsallaka asiri. Likitan da zai duba shi yanzu ba shi ne na farko ba, shi kuma maras lafiyar bai ga dalilin tayar da zancen da ya riga ya wuce ba. Sai a rubuta "ciwon jijiya" kawai, a ba shi bitamin.

Wannan jinkirin ne ke raba ciwon da sanadinsa. Wasu magungunan ƙwari na dangin oganofosfet, dangin da fiya-fiyar Kano ta fito daga ciki, suna lalata dogayen jijiyoyin ƙafa da hannu makonni bayan guba mai tsanani. Ba kowa yake samu ba, amma allurar da ta ceci rai ba ta hana shi. Duniya ta daɗe da sanin haka: a Maknas ta Maroko, a 1959, kimanin mutum 10,000 ne gaɓoɓinsu suka shanye bayan sun ci man girkin da aka gauraya da man injin jirgin sama mai ɗauke da sinadarin wannan dangi.

Hausawan Jazira ba baƙi ba ne a harkar noma da feshi. Tun bayan yaƙin Burmi na 1903 Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Bahar Azrak kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe aikin noman Jazira, wanda daga baya ya haura fadan (kamar eka) miliyan 2, hannun Hausawa na cikin waɗanda suka yi shuka da cirar kaɗa. Tun tsakiyar shekarun 1940 aka shigo da DDT, daga baya jirage suka riƙa feshi ta sama, kambo kuwa a gefen gona da bakin tur'ar ban ruwa yake. A Hasahisa har yau akwai wurin da mutane ke kira maƙabartar magungunan ƙwari, inda aka binne waɗanda suka lalace.

To, me takarda za ta tsinana wa wanda ƙafarsa ta mutu? Hukumar Lafiya ta Duniya tana da kundin da ya ba kowace cuta lamba, ana kiransa ICD, kuma da lambobinsa ake ƙidayar abin da ke kwantar da mutane. A bugu na 10, ciwon jijiyoyin da ba a faɗi sanadinsa ba G62.9 ne. Wanda guba ta jawo G62.2 ne, sai dai wannan lambar ba ta faɗin wace guba ce. Dole a ƙara mata ta biyu: T60.0 in oganofosfet ne, T56.0 in dalma ce irin wadda ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, T56.1 in zaiba ce, wadda masu haƙar zinariya a Kurmuk da Gisan ke ƙonawa suna shaƙar hayaƙinta. Akwai Z57.4, mai nuna cewa a bakin aikin gona mutum ya haɗu da gubar. Akwai kuma X48, mai cewa tsautsayi ne, ba X68 ba, wadda ke nufin da gangan mutum ya sha. Iyalan da ke ɓoye zancen guba don tsoron a ce ɗansu ya nemi kashe kansa, su ne suka fi buƙatar sanin wannan bambanci.

Ma'aikacin da ke zuba lambobi ba ya ganin maras lafiya, abin da likita ya rubuta kawai yake bi. In babu sunan magani a fayil, mai feshin nan ya faɗa kwandon G62.9, kuma a lissafin ƙarshen shekara babu wanda feshi ya nakasa a ƙauyensu. Hukumar da ke ba magani rajista ba ta da hujjar janye shi, mai neman diyya kuma ba shi da abin nunawa.

Gaskiya ne ba kowace mutuwar ƙafa ce daga feshi ba. Ciwon sukari na yin haka, kuturta na yi, maganin tarin fuka na isoniyazid ma yana yi in ba a haɗa shi da bitamin B6 ba. Shi ya sa likita ke buƙatar labarin duka. A je masa da gwangwanin maganin, ko hoton takardar jikinsa a waya. A faɗi ranar feshi, awa nawa aka yi, ko an gauraya magani biyu, da ranar da ƙafa ta fara canzawa. Gwajin jini na kolinestaras a kwanakin farko yake da amfani, in aka jinkirta yakan koma daidai. Nono da madarar da ake ɗura wa wanda magani ya buge ba makari ba ne, tilasta masa amai kuma haɗari ne. Abin yi shi ne a cire rigar, a wanke jiki da ruwa da sabulu, a kama hanyar asibiti.

Yaƙin Sudan ya ƙara dagula lamarin. Daga Disambar 2023 zuwa Janairun 2025 Wad Madani, cibiyar asibitocin yankin, ba ta hannun gwamnati, mutane suka watse zuwa Gadarif da Kasala da Damazin. Wanda aka kwantar a can kafin gudu, da wuya fayil ɗinsa ya bi shi. Saboda haka duk wanda za a sallama ya nemi takardar sallama mai sunan gubar da kwanan wata, ya ɗauki hotonta, ya ƙunshe ainihin a leda tare da katin shaidarsa. Jijiya takan ɗauki watanni tana farfaɗowa, wani lokaci ba ta dawowa duka, kuma likita na uku ko na huɗu da zai tura mutum gashin ƙafa zai fara ne da tambayar abin da aka rubuta a ranar farko.