Yadda Ake Sauya Bakin Injin Rauta

Rauta shi ne injin da kafintoci ke yi wa gefen katako ado da shi. Sau da yawa bakinsa yakan maƙale saboda ƙurar katako, ko don an cusa shi har ƙarshen rami.

Kafin a taɓa bakin, wajibi ne a zare fulogi; kashe makunni kaɗai bai isa ba. Sa'an nan a share mariƙin sarai, a cusa sabon baki, a jawo shi baya kamar milimita 3, kana a ɗaure noti da sifana. Kada a sa baki mai kaurin milimita 6 cikin mariƙin rubu'in inci, domin yana iya sulluɓewa injin na gudu, ya raunata mutum.