Mi tsuntsaye ke ci lokacin dari?

In an gama girbi, wajen watan Oktoba, sai shamuwa ta bar mu. Ta bar sheƙarta bisa itace, ta yi kudu. Mutane suna cewa sanyi take gudu. A gaskiya yunwa take gudu. Abincinta fara ne da tsutsa da kwaɗi. In ruwa ya ɗauke, ciyawa ta bushe, waɗannan sun yi wuya.

Amma akwai tsuntsayen da ba su zuwa ko'ina. Da su muke shan hunturu a Maraɗi da Tibiri da Jiratawa. To, mi suke ci?

Kurciya da hasbiya da baiwar Allah masu cin tsaba ne. Ciyawar damina ta zubar da 'ya'yanta ƙasa. Hatsi ya zuba a gona wurin ɗaurin damma. Ya zuba a masussuka, ya zuba gindin turmi. Mu ba mu ganin shi, su kuwa rumbunsu ke nan. In aka sa wa daji wuta, rumbun nan ne aka ƙone. Tsaba busasshiya ce, tana sa ƙishirwa. Shi ya sa kurciya ba ta nisa da ruwa. Ka duba bakin rijiya da safe, ko ramukan da ruwa ya kwanta cikin Gulbin Maraɗi.

Jikin tsuntsu ya fi namu zafi, ya kai digiri 40 ko fiye. A daren Disamba da Janairu, abin da ya ci da rana shi ne icen da ke ɗumama shi. Da asuba sai ka ga ya kumbura gashinsa, kamar mai lulluɓe da bargo. Rana na fitowa, ya sauka kiwo.

Masu cin ƙwari sai sun yi dabara. Balbela tana bin shanu, tana kama abin da ƙafarsu ta tayar. A Jiratawa, inda ake noman rani, tana bin masu ban ruwa cikin albasa da zogale. Cilakowa takan tona kashin shanu ta fidda ƙwaro. Gawo ma yana taimako. Shi da rani yake ganye da fure, ƙwari su taru kansa, ƙananan tsuntsaye su samu kalaci. Magarya kuma lokacin nan take nuna.

A Faransa, ƙanƙara kan rufe ƙasa, tsaba ta ɓace. Mutanen can sukan rataya tsaba da kitse a bakin gida don tsuntsaye.

Hankaka ba ya zaɓe, kome ya samu a juji ci yake. Angulu kuwa mayanka yake jira. Dā in an yi yanka a kasuwa, angulaye har tsakanin ƙafafun mahauta suke shiga. Yanzu sun ragu ƙwarai. Guba ta kashe wasu, wasu an kama su don magani. A 2015 aka sa shi cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya.