Farfaɗo da Tsohuwar Kwamfuta ta Hanyar Sake Rubuta Umarninta na Tushe

Gabatarwa

Ba abin mamaki ba ne a shiga ɗakin ajiya na wata makaranta ko ofishin hukuma, a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, a tarar da na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, an jingine ta ƙura ta rufe, an ce ta mutu. In an kunna ta fitilarta ta kama, fankarta ta juya, amma fuskarta ta zauna baƙi ƙirin. Sau da yawa irin wannan na'ura ƙarfenta lafiya lau yake. Abin da ya same ta shi ne ta manta karatunta na farko. Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana wannan karatu, da dalilin gogewarsa, da yadda ake mai da shi.

Umarnin Tushe

Kowace kwamfuta, da zarar wuta ta shige ta, tana bukatar abin da zai gaya mata ta inda za ta fara: ta gwada ma'ajiyarta, ta nemo allon rubutu, ta kunna fuska, sa'an nan ta ɗauko sauran manhaja daga faifai. Wannan shi ake nufi da umarnin tushe. A kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a watan Agusta na 1981, da waɗanda suka bi sawunta, sunansa bayos. Ana ajiye shi cikin wata 'yar ƙwaya baƙa mai ƙafafu, irin wadda masu gyara ke kira aisi, wadda ba ta mantuwa don an ɗauke wuta.

Ƙwayoyin nan iri uku ne. Ta farko tun a masana'anta ake sassaƙa mata rubutunta, ba ya kankaruwa. Ta biyu ita ce efirom, wadda Dov Frohman na kamfanin Intel ya ƙirƙiro a 1971. Ta farkon da ta bazu, mai lamba 1702, bayit 256 kacal take ɗauka. Ana gane efirom da wata 'yar taga mai kama da gilashi a gadon bayanta. Ta uku ita ce filash, wadda Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba ya gabatar a 1984, ita kuwa da lantarki ake goge ta, a sake rubutawa.

Dalilin Gogewa

A cikin efirom akwai dubban 'yan ɗakuna da ido ba ya gani. Wanda aka tsare cajin lantarki a cikinsa ana karanta shi sifili, wanda yake wayam kuwa ɗaya. Da sifili da ɗaya ɗin nan aka rubuta umarnin duka. To, cajin nan yakan tsiyaye a hankali, kamar ruwa cikin randa mai tsaga. Masu ƙera ta kan ba da lamunin shekara 10 zuwa 20, ko da yake da yawa sun zarce haka nesa. Zafi yana hanzarta tsiyayar, abin lura ƙwarai a ƙasa irin wannan. Haske ma haka: takardun bayanin kamfanin Intel sun nuna cewa tagar da aka bari a buɗe, hasken rana kai tsaye yana iya goge ta cikin kamar mako guda, doguwar fitilar ofis kuwa cikin kamar shekara 3. Ɗaki guda ya juye daga sifili zuwa ɗaya ya isa ya tsai da na'urar cik.

Ita filash cutarta daban ce, domin kuwa sauƙin rubutunta shi ne rauninta. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabunta ta, sai a bar ta da rabin karatu. Haka kuma a ranar 26 ga Afrilu, 1999, ƙwayar cutar kwamfuta mai suna CIH, wadda wani ɗalibi ya rubuta a Taiwan, ta tashi a ƙasashe da dama, ta ɓata faifai, ta kuma goge bayos na waɗansu na'urori har suka kasa tashi.

Matakan Gyara

Da farko mai gyara yakan tabbatar cewa wutar da ke isa ga ƙwayar daidai take, ƙafafunta kuma ba su yi tsatsa ba, don kada a yi wa mai ciwon ƙafa maganin ciwon kai. Bayan haka ya zare ta a hankali, ya ɗora a kan wata ƙaramar na'ura mai karantawa da rubutawa, ya kwafe duk abin da ke ciki ya adana, ko da gurɓatacce ne, saboda watakila shi ne kaɗai shaidar da ta rage.

Na biyu shi ne gwadawa da sahihin kwafi, wanda aka ɗauko daga lafiyayyar na'ura irinta sak, ko daga taskokin da masu sha'awar tsofaffin na'urori suka tara a intanet. Duk akawun da ya taɓa riƙe littafin kuɗi ya san amfanin jimlar ƙasan shafi: in aka sake tarawa ba ta fito daidai ba, lalle wata lamba ta sauya. Haka ake tara lambobin ƙwayar a gwada da jimlar da aka sani.

Na uku shi ne gogewa. Ana sa efirom cikin wani ɗan akwati mai fitilar altarabayolet, watau wani haske da ido ba ya gani, kuma mai cutar da ido, na tsawon minti 15 zuwa 30, har kowane ɗaki ya koma ɗaya. Wannan daidai yake da wanke allo kafin a yi sabon rubutu. Sa'an nan a rubuta, a nan kuwa sai an yi hattara da ƙarfin wuta: mai lamba 2716 bolt 25 take so, 2732A bolt 21, na baya-baya kuwa kamar 12.5. Wanda ya ba ta fiye da ƙimarta ya ƙone ta har abada. Daga ƙarshe a sake karantawa a gwada, a liƙe tagar da takarda mai kauri, a mai da ita mazauninta ba tare da an juya kanta ba.

In ƙwayar irin ta farko ce, sai a rubuta umarnin a kan efirom a musanya. Alal misali, ta cikin Commodore 64 ta 1982 ƙafa 24 gare ta, efirom mai lamba 2764 kuwa 28, saboda haka sai an haɗa da ɗan mazauni mai daidaita su.

Misali na Kusa da na Nesa

Aikin nan ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun bayan shigowar wayar salula a 2001, matasa masu gyara a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, da takwarorinsu a Zariya da Funtuwa, suka ƙware a kan abin da suke kira filashin. Manomin Ruwan Godiya da wayarsa ta maƙale ta ƙi tashi, aka yi mata filashin ta dawo, umarnin tushenta aka sake rubutawa. Kayan aikin ne suka bambanta, hikimar ɗaya ce.

Misali na nesa shi ne kumbon Voyager 1, wanda Amurka ta harba a 1977. A Nuwamba 2023 ya fara aiko da saƙo marar ma'ana daga nisan fiye da kilomita biliyan 24. Injiniyoyin hukumar NASA suka koma ga tsofaffin takardun ƙirarsa, suka gano ƙwaya guda ce ta lalace, ta tafi da kamar kashi 3 cikin 100 na ma'ajiyar ɗaya daga kwamfutocinsa. Da yake babu hannun da zai kai can, sai suka rarraba umarnin da ya salwanta zuwa sassan da ke da lafiya. A ranar 18 ga Afrilu, 2024, suka aika da gyaran, saƙon ya yi tafiyar awa 22 da rabi, ran 20 ga wata amsa mai ma'ana ta iso.

Kammalawa

Abin da ya haɗa Kano da wancan kumbo shi ne, gyaran bai yiwu ba sai don an adana asalin rubutun. Ƙwaya ana samun wata, amma umarnin da ya goge babu kwafinsa, ba mai gwanintar da zai tono shi. Wannan ya fi tsanani ga injunan asibiti da na ɗab'i da na ɗakunan gwaje-gwaje, waɗanda kamfanonin da suka ƙera su watakila sun daɗe da rufewa. Saboda haka ya kamata ma'aikacin da aka damƙa wa irin waɗannan kaya ya sa a kwafe umarninsu tun suna aiki, a rubuta lambar ƙwaya da jimlarta a rajistar kayan ofis, a ajiye kwafin a wuri fiye da ɗaya. Ɗalibin fasaha kuma ya samu tsohuwar na'ura ya koyi aikin a kanta, domin sassanta manya ne, ana ganinsu da ido. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.