Magini da Bokitin Ruwa: Aikin Kankare a Ƙasar Gobir

A Kurawa, ko Sabon Birni, ko Isa, ranar da za a zuba dakin, magini ba ya jiran fitowar rana. Ana sallame sallar asuba leburori sun yi layi, kowa da kwanonsa da gammonsa. Zafi ake gudu. A Afrilu da Mayu rana kan haura digiri 40, kwaɓin da aka yi da hantsi sai ya fara sandarewa tun bai hau katako ba. A nan ne yaro mai shebur kan yi ɓarnar da ta fi kowace illa: ya faki ido ya ƙara ruwa don aiki ya yi masa sauƙi. Maginin da ya san hannunsa ya fi tsaron bokitin ruwa a kan buhun siminti.

Awon da aka saba shi ne buhu ɗaya mai kilo 50, kwano huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. Sai dai siminti ba bushewa yake yi kamar laka ba; haɗuwa yake da ruwa ya koma dutse, kuma abin da yake bukata bai kai rabin nauyinsa ba. Rarar ƙafewa take yi, ta bar ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Damina na zuwa ruwa ya bi ta nan ya tarar da rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, ginshiƙi ya tsage daga ciki. Mai gida ya yi ta zagin kamfanin siminti, alhali laifin na bokiti ne.

Yawancin abin da ake kira sabon kankare dabarun cin galabar wannan bokiti ne. Tun shekarun 1960 Japan da Jamus suka fito da wani ruwan magani da ake ɗigawa a kwaɓi, ya warwatsa ƙwayoyin siminti, kankare ya malala kamar kunu ba tare da an ƙara ruwa ba. Akwai mai jinkirta daskarewa saboda zafi, akwai mai toshe kafofi don rijiya da tanki da kwalbati, akwai kuma siraran zaruruwa na roba ko ƙarfe da ke riƙe tsaga. Da aka gina Burj Khalifa a Dubai, mai tsawon mita 828, da dare aka riƙa zuba kankare, ana sa ƙanƙara a kwaɓin, ana tura shi da famfo sama da mita 600. Magininmu ba shi da ƙanƙara, amma asubancin nasa hikimar ɗaya ce.

Ni kam ban ga baƙon abu a nan ba. Kakanninmu da suka yi gini da tubali suna da nasu siminti, laso. Katsi ake kwasowa daga gindin marina a ƙona shi a daka, a haɗa da gashin jima daga majema, a kwaɓa da ruwan dafara mai yauƙi, a shafe soro, ruwa ya sauka ya zame. Gashin akuyar nan aikin da zaren roba yake yi yau shi yake yi, dafara kuma ita ce ruwan maganin da ake ɗigawa. Talaka ya wadatu da makuba ta kwasfar ɗorawa. Abin takaici, matashin birkila ya san sunan kowane siminti, amma ka ce masa laso sai ya yi maka kallon mai ba da tatsuniya.

Siminti kansa ba nisa gare shi ba. Masana'antar Kalambaina da ke gefen Sakkwato ta fara aiki a 1967, yanzu tana hannun BUA, ga kuma ta Malbaza a tsallaken iyaka cikin Nijar. Yashi kuwa Gulbin Rima ya wadata mu, in dai an tankaɗe shi an raba shi da laka. Wahalar tana kan hanya: tun da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato, mai mota sai ya lissafa ransa a cikin kuɗin dako, kuma duk kan buhu yake komawa. Shi ya sa nake kallon tulin buntun shinkafa a bakin injinan fadama da kwaɗayi. In aka ƙona shi a wuta mai awo aka niƙa tokar lilis, tana iya maye wani kaso na siminti, har ta ƙara wa kankare danƙo. Mu nan iska ke kwashe buntun.

Tun ambaliyar 2010, wadda ta cinye gidajen laka a kwarin Rima har ta yanke gadar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, mai ɗan hali kan nemi ko da harsashi ne na kankare. Amma ya kan tsuke aljihu daidai inda bai kamata ba, wato ban ruwa. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka auna masa, kuma kwana bakwai na farko dole ya zauna a jiƙe. Ruwan da aka hana shi a kwaɓi, yanzu shi ake roƙon a ba shi. Washegarin zubi za ka ga magini a bisa dakin yana ja wa yashi kunya, yana yanka shi fangali-fangali kamar mai lambun albasa, 'yan ga-ruwa na juye jarka, an naɗe ginshiƙai da tsofaffin buhunan algarara. Mai gida na ƙasa yana ƙirga jarkoki, magini na sama yana cewa: Alhaji, a ƙaro kura biyu.